Gine-ginen katako na kan ruwa: Daga gaɓar Makoko zuwa bakin Kwara a Bagudo

Ginin katako na kan ruwa wani nau'in aiki ne da ya haɗa fasahar magina da ta masu zane da ta masu haɗa jirgi. Yakan zo a siffar ɗaki, ko rumfa, ko fili mai shimfiɗar katako, amma ba shi da tushe a cikin ƙasa. Ana ɗora shi ne a kan abin da ba ya nutsewa, a ɗaure shi da igiya ko sarƙa a wuri guda. In ruwa ya ƙaru sai ya ɗaga shi, in ya ragu ya sauko da shi. A nan ya bambanta da gidajen da ake kafawa a kan turaku, irin na garin Ganvié da ke tafkin Nokoué kusa da Kwatano, waɗanda suke tsaye cak ruwa na hawa da sauka a ƙarƙashinsu. Ya kuma bambanta da kwale-kwale, domin ba don tafiya aka yi shi ba.

Masu fasaha a ƙasashen da ke bakin teku sun rungumi irin wannan gini ne saboda dalili guda. Wanda ya tsaya a tudu yana kallon teku daga nesa ne kawai, wanda kuwa ya zauna a kan ginin da ruwa ke ɗagawa yana jin motsin tekun a jikinsa, yana ganin yadda gaɓa ke ɓacewa ta sake bayyana. Ginin da kansa ya zama ma'auni.

Cikar teku da janyewarsa

Teku ba ya zama a matsayi ɗaya. Ƙarfin jan da wata ke yi wa duniya, tare da na rana wanda bai kai rabinsa ba, shi ke sa ruwan teku ya hau gaɓa ya kuma janye. A mafi yawan gaɓoɓin duniya hakan na faruwa sau biyu a cikin awa 24 da kusan minti 50, shi ya sa cikar yau takan yi jinkirin kusan minti 50 a kan ta jiya. Duk wanda ya saba lissafin watan Musulunci zai gane sauran cikin sauƙi. Lokacin tsayuwar jinjirin wata da kuma daren sha huɗu, wata da rana da duniya suna kan layi ɗaya, sai cikar ta yi ƙarfi, janyewar ma ta yi nisa. A wajejen bakwai ga wata da ashirin da biyu ga wata kuwa, motsin yakan yi sanyi.

Girman wannan motsi ya danganta da siffar gaɓa. A mashigin Fundy da ke Kanada bambancin cika da janyewa yakan kai mita 16, tsayin bene mai hawa biyar. A gaɓar Legas bai wuce kimanin mita ɗaya ba, a cikin tafkin Legas ma bai kai haka ba.

Daga cikin ayyukan da suka yi suna a wannan fanni akwai gidan wasan kwaikwayo da Aldo Rossi, masanin zanen gine-gine ɗan Italiya, ya ɗora a kan jirgin dako a birnin Venis a 1979. An lulluɓe shi da katako a kan ƙarafuna, a 1980 aka ja shi ta teku har birnin Dubrovnik, a 1981 aka wargaza shi. Wanda ya fi dacewa da batun kallon cikar teku shi ne wani ɗaki mai siffar ƙwai, mai tsawon mita 6, da aka saka a bakin kogin Beaulieu a kudancin Ingila a 2013, ake kiransa Ƙwan Exbury. Mai haɗa jiragen ruwa ne ya ƙera shi da katako, kuma wani mai fasaha, Stephen Turner, ya yi kimanin shekara guda yana zaune yana aiki a cikinsa, yana lura da hawa da saukar ruwa da halittun da ke rayuwa a fadamar gishiri. Da gangan aka bar bayan katakon ba fenti, domin rana da gishiri da iska su bar alamarsu a jikinsa.

Makarantar Makoko

Aikin da ya fi kowanne shahara a Afirka a wannan fanni a Nijeriya aka yi shi, kuma wanda ya zana shi haifaffen Kaduna ne. An haifi Kunle Adeyemi a 1976, mahaifinsa ma masanin zanen gine-gine ne a Kaduna. Ya yi karatu a Jami'ar Legas da Jami'ar Princeton ta Amurka, ya yi shekaru yana aiki tare da Rem Koolhaas a Holan, sannan a 2010 ya kafa kamfaninsa mai suna NLÉ, kalmar Yarbanci da ke nufin "a gida".

Makoko unguwar masunta ce a gefen tafkin Legas, wadda duk mai bin Gadar Third Mainland yake hangowa: gidajen katako a kan turaku, kwale-kwale maimakon mota, hayaƙin banda kifi. Da yawa daga mazaunanta Egun ne, masu dangi a Badagry da Jamhuriyar Benin. A watan Yulin 2012 gwamnatin Jihar Legas ta ba wani sashe na unguwar wa'adin awa 72, ta rushe gidaje masu yawa. A cikin wannan hali ne aka soma aikin makarantar, da tallafin Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Gidauniyar Heinrich Böll ta Jamus, aka kammala a farkon 2013. An yi ta ne a matsayin reshe ga wata makarantar firamare ta unguwar mai suna Whanyinna, wadda ruwa ke yawan shiga.

Tsarin ginin mai sauƙi ne, kuma sauƙin nasa ne ya ja hankalin duniya. Ƙasansa fili ne mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10, an ɗora shi a kan gangunan roba 256, an kasa su gida 16, kowane gida ganga 16 a cikin akwatin katako. A kan wannan fili aka ta da gini mai kusurwa uku, faɗi a ƙasa tsini a sama kamar dala, mai tsayin mita 10 da hawa uku. Hawan ƙasa filin wasa ne da wurin taron jama'a, na tsakiya azuzuwa, na sama kuma buɗaɗɗen wuri ne da ake hango tafkin ta kowane gefe. An yi amfani da katako da gora daga kasuwar katako ta kusa, kafintocin unguwar ne suka yi aikin, an kuma tanadi faranti mai tara hasken rana da hanyar tara ruwan sama. An ƙiyasta zai ɗauki mutum 100.

Lissafin da ke riƙe da shi ba sabo ba ne. Duk abin da aka saka a ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Ganga mai cin lita 200, irin wadda aka saba gani a kasuwa, in babu komai a cikinta kuma an toshe bakinta, za ta iya riƙe kusan kilo 200 kafin ta nutse. In aka ɗauka gangunan duka irin wannan ne, 256 za su riƙe abin da ya kusa tan 50, a cire nauyin katakon, sauran na mutane ne. Siffar dala kuma tana ajiye nauyi a ƙasa, yadda ginin ba zai kife cikin sauƙi ba.

Hotunan makarantar sun zaga duniya kafin ɗalibai su shiga cikinta. Da farko wani kwamishinan Jihar Legas ya ce ginin haramtacce ne domin ba a nemi izini ba, daga baya da yabo ya yawaita gwamnati ta sassauta. Amma darasi na yau da kullum bai ɗore a cikinta ba sai na watanni kaɗan. A wajejen watan Maris na 2016 aka kwashe ɗalibai, bayan iyaye da malamai sun nuna fargaba kan yadda ginin ke girgiza in iska ta taso. A ƙarshen watan Mayun shekarar, a baje kolin zanen gine-gine na Venis, Adeyemi ya nuna sabon samfurin makarantar, wanda mutum huɗu suka haɗa cikin kwana goma, aka ba shi lambar yabo ta Zakin Azurfa. Ranar 7 ga Yuni, kwana goma kacal bayan haka, aka yi ruwan sama mai ƙarfi a Legas, ainihin makarantar ta Makoko ta rushe. Ba a rasa rai ba, domin babu kowa a ciki.

Kamfanin NLÉ ya bayyana cewa ginin gwaji ne tun farko, an yi shekara uku ana amfani da shi ba tare da kulawar da ta dace ba, kuma dama an shirya sauya shi. Masu suka kuwa sun ce an bar wa talakawan unguwa nauyin da ba su da kuɗin ɗauka, alhali masu zane suna karɓar yabo a Turai. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai ta masu sukar ta fi nauyi. Ba gangunan ne suka nutse ba, ginin da ke samansu ne ya faɗi, wato katako da mahaɗarsa, kuma waɗannan su ne abubuwan da ke buƙatar a riƙa dubawa ana sauyawa. Ba a fayyace tun farko wanda zai riƙa yin wannan duba ba, da aljihun da kuɗin zai fito: kamfanin da ya zana, ko masu tallafi, ko makarantar, ko gwamnatin da ba ta so ginin ba tun asali.

Tsarin bai mutu da rushewar ba. A 2018 an sake gina shi a birnin Bruges na Beljiyam, da kuma birnin Chengdu na ƙasar Sin. A 2021 aka buɗe wani a mashigin Mindelo na tsibirin São Vicente a Cape Verde, gine-gine uku a haɗe: zauren wasa, ɗakin naɗar waƙa da wurin shan shayi. Abin lura shi ne duk waɗannan na baya ayyukan baje koli ne ko na nishaɗi, a wuraren da ke da mai kula da su da kasafin kuɗi.

Agogon Kwara

Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda Sharabi take tare da Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya da Zagga, tana da nisan sama da kilomita 1,000 daga teku in aka bi kogi. Cikar teku ba ta isowa nan. Amma ta wannan yanki ne Kogin Neja, wanda Hausawa ke kira Kwara, yake shigowa Nijeriya, bayan ya raba Benin da Nijar ya wuce tsakanin Malanville da Gaya. Shi ma yana hawa yana sauka, sai dai abin da teku ke yi sau biyu a yini, Kwara tana yin sa sau biyu a shekara.

Cika ta farko ita ce ta damina. Ruwan saman da ya sauka a yankin da kuma na rafukan da ke gangarowa daga Burkina Faso da Benin da ƙasar Sakkwato shi ke kawo ta, takan yi ƙarfi daga Agusta zuwa Oktoba. Ruwan yana zuwa a gurɓace da laka, shi ya sa masana a Nijeriya ke kiransa farin ruwa, a Yamai kuma ana ce masa jan ruwa. Cika ta biyu ta fi ban mamaki, domin tana zuwa ne cikin hunturu, lokacin da aka yi watanni ba a ga hadari ba. Ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini, inda kogin mai tsawon kimanin kilomita 4,180 ya samo asali, yakan bazu a faffaɗar fadamar tsakiyar Mali ya yi watanni yana tafiya a hankali, ya zubar da lakarsa a can, sannan ya iso Kebbi daga Disamba zuwa Fabrairu a tace. Shi ne baƙin ruwa. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 tana dogara da shi wajen samun ruwan ba da wuta a rani, don haka ma'aikacin da ke Abuja da ɗan kasuwar da ke Kano suna da rabo a cikinsa ko da ba su taɓa jin sunansa ba.

Bambancin ƙarancin ruwa da cikarsa a nan ana auna shi ne da mitoci da dama. A watan Satumbar 2020 ma'aunin Yamai ya kai kimanin mita 7, ya zarce duk abin da aka taɓa rubutawa kafin nan, kuma wannan ruwan ne ya gangaro ya haɗu da na gida ya shafe gonakin shinkafa a fadamun Kebbi gab da girbi. Hukumar kula da yanayin ruwan koguna ta Nijeriya tana da tashar awo a Jidere Bode a Jihar Kebbi, daga nan take sanin abin da ke tafe kafin ya isa Kainji da Jebba da Lakwaja. Hukumar Kogin Neja ta ƙasashe tara, mai hedikwata a Yamai, ita ke tattara alƙaluman ƙasashen da ke sama.

Dabarar tsayuwa a kan ruwa ba baƙuwa ba ce ga mutanen wannan ƙasa. Masuncin Argungu da ya rungumi ƙaton gora ya faɗa kogin Matan Fada da homarsa yana amfani ne da lissafin da ya riƙe makarantar Makoko: iska a cikin rufaffen mazubi. Sarkawa da Gungawa da Dandawa sun daɗe da sanin lokacin da ruwa zai hau tsibiri da lokacin da zai sauka, kuma sarautar Sarkin Ruwa ta girmi duk wata hukuma ta zamani. Ko kainuwa da ake wa kirari da dashen Allah, ai ba ta da saiwa a ƙasa, ruwa ne ke ɗaga ta.

Duk da haka, ba za a ɗauko zanen Makoko a dasa a Kwara yadda yake ba. Tafkin Legas ruwa ne mai kwanciya, hawansa kaɗan ne, babban abokin gabar katako a can gishiri ne da danshi da tsutsar teku mai huda itace. Kwara kuwa tana gudu ne zuwa gefe ɗaya, a damina tana ɗauko kututture da tarin ciyawa, waɗanda in suka taru a jikin gini sukan ninka nauyin da igiya ke ja. Ɗaurin da ya yi daidai a watan Afrilu zai janyo ginin ƙarƙashin ruwa a Satumba in ba a sassauta shi ba, wanda aka sassauta a Satumba kuma zai bar ginin ya zauna kan yashi a rani, gangunan su fashe, gara ta samu hanya. Maganin da injiniyoyi suka sani shi ne a kafa dogayen turaku a ƙasan kogi, a saƙala ginin da zobba masu zamewa sama da ƙasa, amma turakun dole su fi cika mafi girma tsayi, kuma 2020 ta nuna cewa mafi girman jiya ba lallai ne ya zama na gobe ba. Ga kuma iskar hunturu da ke busar da katako ya tsage, da zafin bazara da ke ƙona roba ta yi gautsi, da guguwar farkon damina wadda gini mai tsayin mita 10 zai tare ta kamar filafilan jirgi.

Batun itacen ma yana da nasa wahalar. Maɗaci, wanda aka fi so wajen sassaƙa jirgi, manyansa sun yi ƙaranci, shi ya sa jiragen yanzu galibi na katakon da aka haɗa da ƙusa ne. Madobiya kuwa an sare ta ba ƙaƙƙautawa ana kai wa ƙasar Sin, har ta kai daga farkon 2017 aka saka ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta taƙaita cinikinsu. Giginya tana jure gara, amma nauyinta ya fi dacewa da turaku fiye da abin da ake so ya tsaya a saman ruwa.

Abin da ya fi kusa da buƙatar bakin Kwara shi ne gajeren gini mai faɗi: mashigar jirgi mai hawa da sauka tare da ruwa, da rumfa a kanta. 'Yan kasuwar da ke safarar shinkafa da albasa da kifi tsakanin Lolo da Malanville da Yawuri sun san yadda wurin lodi ke ƙaura daga wata zuwa wata, yau a gindin gari, gobe sai an ratsa laka. Mashiga tsayayya wuri ce da za a ƙirga fasinja, a raba rigar kariya, a hana lodin da ya wuce kima. Hatsarin ranar 26 ga Mayun 2021 kusa da Warrah a Ƙaramar Hukumar Ngaski, inda jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya tarwatse a tsakiyar kogi, yawancinsu suka rasu, yana cikin abubuwan da suka sa batun ya wuce na ado. In aka zana layukan awo a jikin turakun da ke riƙe da ita, kowane mai wucewa zai karanta matsayin ruwa da idonsa, manomin fadama ya kwatanta na bana da na bara ba sai ya jira sanarwar rediyo ba. Ta fuskar kallo kuma, bikin Rigata na Yawuri da na kamun kifi na Argungu, wanda hukumar UNESCO ta saka cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, duka wasanni ne na cikin ruwa da jama'a ke kallo daga gaɓa cikin cunkoso.

Izinin kafa wani abu a kan Kwara yana hannun Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, mai hedikwata a Lakwaja, kuma a yanki irin Bagudo da ke kan iyaka, jami'an kwastan da na shige da fice ma suna da ta cewa. Ƙasar bakin kogi da al'adar ruwa kuwa suna hannun hakimai da sarakunan ruwa. Lokacin aikin ma ƙayyadadde ne. Daga janyewar baƙin ruwa a watan Maris zuwa saukar ruwan farko a Mayu ko Yuni ne kogin ke kaiwa ƙarshen ƙarancinsa, kuma a cikin waɗannan makonni ne kawai za a iya kafa turaku, a ciro ganguna ɗaya bayan ɗaya a duba, a sauya katakon da ya ruɓe da ƙusar da ta yi tsatsa kafin farin ruwa ya iso.